Dangi a Ƙetare: Shin Zumunta Tana Rage Amana?

A Kakuri aka haife ni, a wani gidan haya da ke tsakanin tsoffin masaƙu da titin jirgin ƙasa. Mahaifina ya baro Katsina yana saurayi, ya kama aiki a masaƙa, ya yi ta juyin aikin dare da na rana har zuwa lokacin da injuna suka yi shiru. Mahaifiyata kuwa 'yar Maraɗi ce. A can aka ɗaura aurensu, aka kawo amarya ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, kuma babu wanda ya taɓa cewa an auro baƙuwa. Sunan mahaifinta aka raɗa mini, saboda haka ba ta kiran sunana, sai dai ta ce Babana.

Bayan na gama hidimar ƙasa sai na nemi aiki a wata hukuma mai riƙe da bayanan da ba a son su fita waje. Na haye jarrabawar farko, aka raba mana takardar tantancewa mai shafuka da yawa. Ina cikin cikewa sai na iso wani layi da ke tambaya ko ina da iyaye ko 'yan'uwa na kusa da ke zaune a wata ƙasa, in kuma akwai, in kawo sunayensu da sana'arsu da irin hulɗar da ke tsakaninmu. Nan alƙalamina ya tsaya. Kakata tana Maraɗi. Kawuna yana da shago a babbar kasuwar garin. Ɗansa, wanda muka yi wasan ƙasa tare duk lokacin da aka kai mu hutu, yau jandarma ne a Jamhuriyar Nijar.

Wani abokina da muka nemi aikin tare ya leƙo takardata, ya ce, "Kai Malam, rubuta babu kawai. Wa zai tashi ya tafi Maraɗi bincike? In ka faɗa, ka kori kanka da kanka." An ba mu mako guda mu mayar da takardar. A cikin makon nan ne na yi ta juya tambayoyi biyu a zuciyata: shin ƙasa tana da hurumin yi mini wannan tambaya, ni kuma ina da hurumin ɓoye amsarta?

Haƙƙin mai tambaya

Wanda ya tashi a Kakuri bai kamata ya raina maganar sirri ba. A unguwarmu ne masana'antar ƙera makamai ta ƙasa take, wato DICON, wadda aka kafa da dokar majalisa a 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina ta. Tun muna yara muka san akwai katangar da ba a leƙawa, akwai kuma maƙwabtan da ba a tambayarsu me suka yi yau a wurin aiki. Dokar kare sirrin gwamnati ta 1962 tana nan tana aiki, kuma tun 1986 aka rarraba aikin leƙen asiri tsakanin hukumomi uku: ta cikin gida, ta ƙasashen waje, da ta soja. Ƙasar da ke ajiye taswirar rumbun makamanta da sunayen masu kawo mata labari daga cikin daji dole ta san hannun da za ta damƙa wa mabuɗi, domin kuskure ɗaya a nan rayuka yake ci.

Ba Nijeriya kaɗai ke wannan tambaya ba. A Amurka, ƙa'idojin ba da izinin ganin sirrin gwamnati guda 13 ne, na biyu daga cikinsu kuwa a kan tasirin ƙasashen waje yake. Mai bincike yana duba ko mutum yana da dangi ko dukiya ko abokan hulɗa a wata ƙasa waɗanda za a iya bi ta kansu a matsa masa. Hujjarsu ita ce mutumin kirki ma yana da inda in aka taɓa zai ji zafi.

Wannan hujja ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta tarihin Musulunci. A shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin da Annabi (SAW) yake shirin tafiya Makka a asirce, wani sahabi mai suna Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya rubuta wa Ƙuraishawa takarda yana sanar da su, ya ba wata mata ta kai. Aka tura Sayyidina Ali da Zubairu da Miƙdadu suka cim mata a wani wuri da ake kira Raudatu Khakh, ta ciro takardar daga cikin kitsonta. Haɗibu ya halarci Badar, ba munafuki ba ne. Da aka tambaye shi dalili, sai ya bayyana cewa shi ba ɗan asalin Ƙuraishawa ba ne, iyalinsa suna Makka ba su da dangin da zai kāre su kamar yadda sauran Muhajirai suke da shi, shi ya sa ya so ya yi wa mutanen garin wani alheri da zai zame wa iyalinsa garkuwa. Sayyidina Umar ya nemi izinin kashe shi, Annabi (SAW) ya gaskata maganar Haɗibu, ya hana. Malaman tafsiri sun ce a kan wannan lamari ne farkon Suratul Mumtahana ya sauka.

Idan tsoron abin da zai sami iyali ya iya karkatar da hannun wanda ya yi yaƙin Badar, ni wane ne da zan rantse cewa ba zai taɓa karkatar da nawa ba? A nan na yarda cewa tambayar da ke kan takardar tana da tushe. Sai dai labarin yana ɗauke da wani darasi da masu tantancewa kan tsallake. Muhajirai da yawa suna da dangi a Makka a wannan lokaci, amma ba su rubuta wa kowa takarda ba. Abin da ya bambanta Haɗibu shi ne iyalinsa ba su da mai tsaya musu, kuma ya riƙe damuwarsa a ciki shi kaɗai, bai kai ta inda za a taimake shi ba. Zan dawo kan wannan.

Iyakar da ta tarar da mu

Kalmar ƙetare tana da sauƙin rubutawa a ofis, amma a ƙasar Hausa tana da nauyin tarihi. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa suka kafa zama a Maraɗi, har yau kuma sarautar garin Sarkin Katsina ake kiranta. Gobirawa ma suka kafa Tsibiri kusa da nan. Iyakar da ta raba mu da su Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, suna lissafin rijiyoyi da hanyar da ayarin Faransa zai bi daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500, jihohi bakwai na Nijeriya suna jingine da ita, daga Kebbi har Borno. Kakannina ba su tsallaka iyaka ba, a gidajensu ta same su. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa ya faɗa a 2021, yana kāre aikin titin jirgin Kano zuwa Maraɗi, cewa yana da 'yan'uwa na jini a Nijar. Da dangi a ƙetare yana hana riƙe sirri, da mutumin da ya fi kowa ganin sirrin ƙasa na tsawon shekara takwas shi ne zai fara faɗuwa jarrabawar.

Tarihinmu kuma ya nuna yadda wannan tambaya take komawa makami a hannun mai neman kawar da abokin hamayya. A watan Janairun 1980, jami'an shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi zuwa Chadi, bisa cewa mahaifinsa ɗan can ne. Babbar kotu a Maiduguri ta yanke cewa korar haramtacciya ce, ta ba shi diyya, gwamnatin tarayya ta ɗaukaka ƙara ba ta yi nasara ba. A 2018, da aka naɗa Ahmed Rufai Abubakar shugaban hukumar leƙen asiri ta ƙasashen waje, sai surutu ya tashi cewa yana da alaƙa da Chadi, har fadar shugaban ƙasa ta fito ta yi bayanin cewa iyayensa Katsinawa ne da suka taɓa zama a Njamena. A 2019 aka kai maganar gaban kotun zaɓe cewa Atiku Abubakar ba ɗan Nijeriya ba ne ta haihuwa, domin Jada tana cikin Kamarun Ingila lokacin da aka haife shi a 1946, kotu ta yi watsi da batun. A ɗaya ɓangaren iyakar ma haka abin yake: a 2020 'yan adawa a Nijar suka ƙalubalanci takardar asalin Mohamed Bazoum, kotun tsarin mulki ta ba shi damar tsayawa takara. A duk waɗannan, ba a tuna da asalin mutum ba sai ranar da ya kusanci kujera.

Tsarin mulkin 1999 ya yi magana a sarari. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yancin kai ɗan ƙasa ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Sashe na 42 kuma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa kawai. Ban zaɓi garin mahaifiyata ba. Hukuncin da aka gina a kan abin da mutum bai zaɓa ba, bai kuma aikata ba, zalunci ne ko da an yi shi da sunan tsaro.

Zaluncin kuma ba ya ma biyan buƙatar tsaron. A 1894 sojojin Faransa suka gano cewa wani hafsa yana sayar wa Jamus sirri. Idonsu ya faɗa kan Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahude ɗan yankin Alsas, wanda Jamus ta karɓe a 1871, wasu daga danginsa kuma suna zaune a can. Aka ɗaure shi a wani tsibiri mai nisa, ba a wanke shi ba sai 1906. Mai laifin na gaskiya wani Manjo Esterhazy ne, wanda bashi ya yi wa katutu. A Amurka, Robert Hanssen haifaffen Shikago ne, ɗan ɗansanda, ma'aikacin hukumar FBI, ya yi shekaru yana sayar wa Mosko sirri don kuɗi da lu'ulu'u kafin a kama shi a 2001. Yayin da mai gadi ya zuba wa baƙon fuska ido, ɗan gida yana fita da kaya ta ƙofar baya.

Abin da ya kamata a auna

Idan tambayar halal ce amma hukunci da jini haram ne, to me ya rage wa mai tantancewa ya auna? A ganina abu biyu ne: ta ina za a iya matsa wa wannan mutum, kuma in an matsa masa, wa zai fara gaya wa?

Tambayar farko ba ta san iyakar ƙasa ba, mu mutanen Kaduna mun fi kowa sani. A ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane, suka kwashe wasu, na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba. Ma'aikacin da mahaifiyarsa ke zaune a wani ƙauye kan hanyar Birnin Gwari, wanda wata rana za a iya kiransa a waya a ce ko ya kawo labarin motsin sojoji ko ya rasa ta, yana cikin matsin da ya kai nawa ko ya fi, alhali duk danginsa 'yan Nijeriya ne. Haka wanda bashi ya shaƙe, da wanda yake da wani abin kunya da ba ya son matarsa ta sani. Dangi a ƙetare ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi da yawa, kuma nauyinta yana sauyawa gwargwadon wace ƙasa ce, wane aiki ɗan'uwan yake yi, wane sirri ne kuma za a damƙa wa mutum. Tsohuwa mai sayar da ƙuli a Maraɗi da jandarma mai ɗauke da bindigar gwamnati ba ɗaya ba ne, kuma ya kamata mai auna su ya zama ya san bambancin.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi muhimmanci, ita ce kuma darasin Haɗibu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan'uwan da na bayyana wa hukuma ba tsaga ba ne, domin duk wanda ya zo zai yi mini barazana da shi, zan iya tashi in shiga ofishin shugabana in faɗa. Ɗan'uwan da na ɓoye shi ne tsagar. Ranar da na rubuta babu, na ƙirƙiri sirrin da ba ni da shi a da, na kuma miƙa shi ga duk wanda ya san asalina. Zai ishe shi ya ce zai tona mini asiri in rasa aikina, sai in fara da ƙaramin abu, daga nan ba ni da hanyar komawa. Shawarar abokina, wadda ya ba ni da zuciya ɗaya, ita ce hanya mafi sauri ta mayar da ni irin mutumin da takardar ke tsoro.

Wannan yana ɗora wa hukuma nata nauyin. Idan ya zama duk wanda ya faɗi gaskiya an ajiye takardarsa gefe ba tare da an kira shi an ji ta bakinsa ba, to hukumar tana koya wa masu neman aiki ƙarya, kuma za ta wayi gari cike da waɗanda suka iya ɓoyewa. Haƙƙin mai faɗin gaskiya ne a saurare shi, a gaya masa dalili in an hana shi, a ba shi ƙofar neman a sake dubawa. In kuma an ɗauke shi, a tabbatar masa cewa ranar da aka taɓa danginsa, kawo ƙara ba zai zama laifi ba. Ba a kashe Haɗibu ba, ba a kore shi daga cikin jama'a ba. An tambaye shi, an saurara, an auna kuskurensa da abin da ya gabatar a baya.

Inda maganar ta yi tsauri

Zan zama mai yaudara in na bar maganar a nan kamar ta warware. A ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum. Ƙungiyar ECOWAS, ƙarƙashin shugabancin Nijeriya, ta ba da wa'adin mako guda tare da barazanar amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ake ba Nijar. Na tuna yadda mahaifiyata ta riƙa kwana da rediyo a kunne. Da an yi yaƙin, da ɗan kawuna yana cikin waɗanda za a harba. A ce a lokacin ina zaune a ofis, takarda ta biyo ta hannuna mai nuna inda za a kai hari, na kuma san yana wurin. Zan yi shiru?

Ina fata zan riƙe amana, domin kiran waya ɗaya zai iya ceton ɗan'uwana ya kuma jefa 'ya'yan wasu cikin kwanton ɓauna, su ma suna da uwaye. Amma fata ba tabbas ba ne, kuma bai kamata ƙasa ta ɗora rayukan sojojinta a kan fatan wani saurayi ba. Maganin da na gani shi ne wanda shari'a ta daɗe da sani: ba a ba alƙali shari'ar ɗansa, wannan kuma ba zagin alƙalin ba ne. A ɗauke ni daga kan wannan teburi, a ba ni wani. A taƙaita abin da zan gani a kan Nijar ba tare da an rufe mini ƙofar hidima gaba ɗaya ba. Mai hankali zai karɓi wannan a matsayin sauƙi da aka yi masa. Sai dai hakan ba zai yiwu ba sai in tun farko na faɗi inda dangina suke.

Akwai kuma abin da watan Agustan 2023 ya koyar. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan yaƙi, sanatocin Arewa suna kafa hujja da zumuncin da ke tsakanin al'ummomin biyu. Lokacin da sojojin Yamai suka ƙi ganin manzannin ƙasashe, waɗanda aka buɗe wa ƙofa su ne Muhammadu Sanusi na Biyu da ayarin malaman addini daga Nijeriya, mutanen da ke da harshe ɗaya da tarihi ɗaya da masu masaukinsu. Zumuncin da takarda ke lissafawa a cikin haɗari shi ne ya zama hanyar magana ranar da sauran hanyoyi suka toshe. Ƙasar da ta kori duk mai dangi a Maraɗi ko Damagaram daga aikin tsaronta ta kori waɗanda suka fi kowa sanin yadda ake tunani a can.

Daren da ya rage in mayar da takardar, na sami mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida, na karanta mata tambayar, na gaya mata shawarar da aka ba ni. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Babana, sunan wa kake amsawa? In ka rubuta ba ka da kowa a Maraɗi, to ni daga ina na fito?" Na ce, "Inna, ina tsoron kada a hana ni aikin." Ta ce, "In rabonka ne ba mai hana ka. Amma wanda ya musanta uwarsa don albashi, ranar da aka ba shi abin da ya fi albashi, me zai hana shi musanta ƙasarsa?"

Na koma ɗaki na rubuta sunan kakata, da na kawuna da shagonsa, da na ɗansa da aikinsa, na ƙara da cewa muna gaisawa ta waya duk sallah da kuma in an yi haihuwa ko rasuwa. Layin bai ishe ni ba, sai da na haɗa da wata takarda. Washegari na haye gada na kai musu. Har yanzu da nake wannan rubutu ba a kira ni ba, ba a kuma ce an hana ni ba. Abin da na tabbatar shi ne, duk ranar da aka kira ni, babu wani mutum a Kaduna ko a Maraɗi da ya san wani abu game da ni wanda hukumar ba ta riga ta ji daga bakina ba.